Rufin Asiri da Shaidar Zur a Tarihin Charlotte Brontë

Ran 16 ga watan Yuni 1855, wani tsohon fasto mai shekara 78, Patrick Brontë, ya zauna a gidansa na Haworth, wani ƙauye a arewacin Ingila, ya rubuta wa wata mawallafiya mai suna Elizabeth Gaskell wasiƙa. Ƴaƴa shida Allah ya ba shi, duka shidan kuwa sun riga shi barin duniya. Ta ƙarshensu, Charlotte, wadda ta rubuta littafin nan *Jane Eyre*, ta rasu ran 31 ga watan Maris na shekarar, wata tara bayan aurenta. Tun ba a share makoki ba jaridu suka fara buga labarinta, wani gaskiya, wani ƙanzon kurege. Shi ya sa tsohon ya roƙi Gaskell, wadda ta yi abota da marigayiyar shekara biyar, ta rubuta taƙaitaccen tarihinta domin a san gaskiya.

Abin da ya fito daga wannan roƙo a watan Maris 1857 ya wuce taƙaitaccen tarihi. Littafi ne juzu'i biyu, mai suna *The Life of Charlotte Brontë*, kuma har yau ana lissafa shi cikin manyan littattafan tarihin rayuwa da aka rubuta da Turanci. Kusan dukansa da wasiƙu aka gina shi: waɗanda Charlotte ta rubuta wa mutane, da waɗanda mutanen da suka san ta suka rubuto wa Gaskell suna ba da labarinta. Wata biyu bayan fitowarsa aka janye shi daga kasuwa, aka buga neman gafara a jarida. Littafin da ya kai wannan daraja, ya kuma jawo wannan abin kunya, ya isa a tsaya a duba yadda aka yi aka tattara shi.

Abin da Gaskell ta sa gaba

Sa'ad da *Jane Eyre* ya fito a 1847, da sunan aro na Currer Bell, ya sami kasuwa ƙwarai, ya kuma sami masu suka. A watan Disamba 1848 wata mai sharhi, Elizabeth Rigby, ta rubuta a mujallar *Quarterly Review* cewa littafin ya saɓa wa ruhun Kiristanci. Ta ƙara da habaici cewa in mace ce ta rubuta shi, to, lalle mace ce wadda ta yi abin da ya raba ta da zama cikin mata masu mutunci. Wannan zargi na rashin kunya ya bi Charlotte da ƙannenta biyu, Emily da Anne, su ma marubuta, har kabari.

Gaskell kuwa matar wani mai wa'azi ce a birnin Mancesta, ita ma ta sha suka a kan nata littattafai. Ta san Charlotte mace ce mai tsoron Allah, mai kunya, wadda ta ƙare ƙuruciyarta wajen kula da tsohon ubanta. Saboda haka tun kafin ta karanta wasiƙa ko ɗaya ta riga ta san hukuncin da take so mai karatu ya yanke: ya girmama macen kamar yadda ya yi sha'awar marubuciyar. In an sami kaushi a littattafanta, a ɗora laifin a kan wahalar da ta sha, da ƙauyen da ta tashi, da mutanen da ta zauna da su. Niyyar kirki ce, ta abokiyar gaskiya. Amma wanda ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu, da kunnen lauya zai saurare su. Wannan shi ne tushen ƙarfin littafin, daga nan kuma kurakuransa suka tsiro.

Shaidun da ta samu

A watan Yuli 1855 Gaskell ta tafi Haworth. Mijin marigayiyar, Arthur Bell Nicholls, mataimakin fasto a majami'ar surukinsa, ba ya son a rubuta littafin, ya yarda ne kawai don girmama tsohon. Ya ba ta ƴan wasiƙu kaɗan, ya ce ta nemi Ellen Nussey.

Ellen ta haɗu da Charlotte a makarantar Roe Head a 1831, suna ƴanmata, suka yi ta rubuta wa juna har shekara 24. Bayan auren Charlotte, Nicholls ya ga irin sakin bakin da matarsa take yi a takarda, ya kwatanta wasiƙun da ashana, ya nemi Ellen ta yi alkawari za ta riƙa ƙone su. Ellen ba ta ƙone ba. Ta ba Gaskell aron wasiƙu fiye da 300, bayan ta soke waɗansu sunaye. Su ne ginshiƙin littafin.

Akwai wata aminiya ta biyu daga wannan makaranta, Mary Taylor, mace mai kaifin baki da ƴancin ra'ayi, wadda ta yi ƙaura zuwa Niyu Zilan a 1845 ta buɗe kanti. Ita ta lalata wasiƙun Charlotte duka, sai guda ɗaya. Abin da ta iya aikowa shi ne doguwar wasiƙa ta abubuwan da take tunawa, wadda ta ƙetare teku ta iso a 1856. Sai kuma Margaret Wooler, shugabar makarantarsu, da George Smith, mai kamfanin da ya buga littattafan Charlotte, da W. S. Williams, mai duba rubuce-rubucen da ake aiko wa kamfanin. Kowannensu ya ba da abin da ya ga dama daga abin da ke hannunsa.

A nan akwai abin lura wanda mai karatu ba zai gan shi a fuskar littafin ba. Kowace wasiƙa tana da wanda aka rubuta wa, mutum kuwa ba ya magana da kowa da murya ɗaya. Ellen mace ce mai ibada, mai bin al'ada, ba ruwanta da harkar wallafa. Charlotte takan rubuta mata zancen gida, da rashin lafiya, da addu'a, da gwagwarmayar ruhu. Har a 1848, bayan *Jane Eyre* ya cika Ingila, tana ɓoye wa Ellen cewa ita ce ta rubuta shi. Mary ce take buɗe wa ciki a kan burinta da fushinta da matsayin mata, waɗannan wasiƙu kuwa su ne suka ɓace. Watau tun kafin Gaskell ta taɓa kome, an riga an tace mata shaidar. Charlotte da ta iso hannunta Charlotte ce ta Ellen, ta kuwa yi daidai da hoton da Gaskell take nema. Ba ta yi ƙarya da ta nuna wannan fuska ba, amma ba ta gargaɗi mai karatu cewa fuska ɗaya ce daga cikin fuskoki ba.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Duk da haka, a wurare da yawa Gaskell ta yi abin da ya fi dacewa, ta ja gefe ta bar Charlotte ta yi magana da bakinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wasiƙun 1836 da 1837, lokacin da Charlotte take koyarwa a Roe Head, suna nuna budurwa mai shekara ashirin tana fama da tsoron ko Allah ya yashe ta, tana son tsarki tana ganin ta kasa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan duhu zai gane muryar, ba ya bukatar mai fassara.

Haka kuma labarin wata takwas ɗin nan masu nauyi. Ƙanenta Branwell ya rasu ran 24 ga Satumba 1848, Emily ran 19 ga Disamba, Anne ran 28 ga Mayu 1849. Gaskell ta jera wasiƙun da Charlotte ta rubuta wa Williams da Ellen a waɗannan kwanaki bi da bi, ba ta cika su da sharhi ba. Mai karatu yana ganin sa zuciya tana tashi tana faɗuwa daga wannan mako zuwa wancan, domin mai rubutun kanta ba ta san abin da gobe za ta kawo ba. Wannan ita ce darajar wasiƙar da aka rubuta a lokacin da abu yake faruwa: ba ta san ƙarshen labari ba, saboda haka ba ta iya gyara farkonsa. Rasuwar Anne a garin Scarborough kuwa, Ellen tana wurin, ta gani da idonta, ita ta rubuta wa Gaskell yadda aka yi. Mary Taylor ma abin da ta gani ta faɗa: ranar da Charlotte ta iso makaranta cikin tsofaffin tufafi, tana jin sanyi, tana kai littafi har kusa da hancinta saboda raunin ido.  Gani ya kori ji.

Uban da aka ɓata

Matsala ta fara ne inda Gaskell ta bar gani ta koma ji. A watan Agusta 1850, a ziyarar da ta fara haɗuwa da Charlotte, uwargidan da ta sauke su, matar Sir James Kay-Shuttleworth, ta ba ta labarai a kan Patrick Brontë. Ita kuma uwargidan ta ji su ne daga wata mata da ta yi jinyar mahaifiyar Charlotte kafin rasuwarta a 1821, wadda aka sallame ta daga aikin. Wai tsohon yakan hana ƴaƴansa cin nama. Wai ya yayyanka rigar alharini ta matarsa, ya ƙone takalman yara don suna da launi. Wai in fushi ya kama shi yakan cusa darduma a murhu, ko ya sa zarto ya yanke bayan kujeru. Gaskell ta ji, ta gaskata, ta rubuta wa ƙawayenta. Masu bincike na baya sun nuna cewa labarin mujallar da ya ɓata wa Ellen rai a 1855, har ta matsa a nemi Gaskell ta gyara, daga waɗannan wasiƙu na Gaskell kanta aka ɗebo shi. Aka kira mai gyara, ashe ita ce mafarin ɓarnar.

Ta sa labaran nan a littafin, ko da yake tana da wata shaida a hannu. Patrick ya ba ta wasiƙun da matarsa ta rubuta masa a 1812 kafin aurensu, cike da ƙauna. Ya rubuta mata yadda ya taɓa sa wa ƴaƴansa abin rufe fuska ɗaya bayan ɗaya, domin su amsa tambayoyinsa ba tare da jin nauyi ba, har ya tambayi Charlotte littafin da ya fi kowanne a duniya ta ce Littafi Mai Tsarki. Uban da ya yi wannan dabara don ya ji abin da ke zuciyar yaransa bai yi kama da dodon da mai jinyar ta kwatanta ba. Mutanen Haworth kuma sun san shi ne ya kafa makarantar Lahadi a 1832, shi ne ya yi ta kai kuka ga hukuma a kan ƙazamin ruwan sha, har aka aiko mai bincike a 1850, ya tarar cewa cikin kowane yara goma, huɗu suna mutuwa kafin su kai shekara shida. Gaskiya ne yana da bindiga, yakan kuma harba ta, al'adar da ya ɗauka tun zamanin tarzomar masaƙa ta 1812. Gaskell ta mayar da harbin hanyar huce fushi.

Me ya sa ta fifita bakin mace ɗaya mai jin haushi, wanda ya iso ta bakin wata, bayan shekara kusan talatin? Domin tana bukatar uba mai kaushi. In gidan ya kasance kango ne mai sanyi, babu wanda zai zargi ƴaƴan da suka fito daga cikinsa don littattafansu sun yi duhu. Dokar Musa ta hana a kama mutum da laifi bisa ga bakin shaida ɗaya, Gaskell kuwa matar mai wa'azi ce, ta san da haka. Tsohon da ya kira ta, ya ƙarfafa ta kada ta ja da baya, shi ne ya fara biyan kuɗin wanke ƴarsa.

Abin da aka rufe a Burusel

Daga 1842 zuwa farkon 1844 Charlotte ta zauna a Burusel, babban birnin Beljiyam, tana koyon Faransanci a makarantar ƴanmata ta wata Madam Heger. Mijin matar, Constantin Heger, shi ne malamin da ya fara ganin baiwarta, ya hore ta a kan rubutu. A watan Mayu 1856 Gaskell ta bi sawu har can. Madam Heger ta ƙi ganinta, gama ta gane kanta a cikin littafin Charlotte mai suna *Villette*, ba ta kuwa ji daɗin hoton ba. Shi maigidan ya karɓe ta da mutunci, ya nuna mata wasiƙun da Charlotte ta rubuto masa bayan komawarta gida.

Wasiƙu huɗu ne suka rage, na 1844 da 1845, da Faransanci. Suna nuna mace mai shekara kusan talatin wadda zuciyarta ta kamu da malaminta mai aure, tana roƙon ya rubuto ko da layi ɗaya, tana ƙirga watanni, shi kuwa ya yi shiru. Babu alamar cewa wani abin kunya ya taɓa faruwa tsakaninsu. Amma da Gaskell ta buga su, da masu suka sun ce ga shaidar abin da suke faɗa. Uban yana da rai, mijin yana da rai, iyalin Heger suna da makaranta da suna da za su kare. Saboda haka ta ɗauki ƴan layuka marasa haɗari, ta rufe sauran.

Da wuya a sami mai hankalin da zai zarge ta a kan wannan shiru. Rufin asirin mamaci, da kiyaye masu rai daga abin da ba zai amfane su ba, aikin kirki ne. Laifin yana cikin abin da ta cike gurbin da shi. Dole ta bayyana dalilin da ya sa dangantaka ta yi tsami tsakanin Charlotte da Madam Heger, sai ta ce sabanin addini ne, domin ɗaya ƴar Furotesta ce mai zafi, ɗayar ƴar Katolika. Dole kuma ta bayyana baƙin cikin da ya rufe Charlotte a ƙarshen zamanta a Burusel, sai ta jawo lalacewar Branwell baya da kamar shekara ɗaya da rabi, ta ce damuwarsa ce take cin ƴar'uwarsa. Alhali a lokacin Branwell yana riƙe da aikinsa na malamin gida, ba a kore shi ba sai Yuli 1845. Ga inda rufin asiri ya zama shaidar zur. Mayafin da aka rufe Charlotte da shi, daga jikin ƙanenta aka cire shi, shi kuwa yana kabari ba shi da bakin musu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Uku daga cikin wasiƙun an taɓa yayyaga su, aka sake haɗa su da zare da takarda mai danƙo. Iyalin suka ajiye su har 1913, sa'ad da Paul Heger, ɗan malamin, ya ba da su ga gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, jaridar *The Times* kuma ta buga su ran 29 ga Yuli. Ba su rage darajar Charlotte ba. Sun sa masu karatu sun fahimci inda zafin *Villette* ya fito. Abin da suka rage shi ne amincin da ake yi wa Gaskell a wannan babi.

Masu rai sun amsa

Matattu ba su kai ƙara, amma masu rai suna da lauyoyi. Branwell ya gaya wa iyalinsa cewa uwargidan gidan da ya yi koyarwa, Lydia Robinson, ita ce ta yaudare shi, kuma wai mijinta ya sa sharaɗi a wasiyyarsa cewa in ta sake ganinsa za ta rasa gado. Iyalin suka gaskata, Charlotte ta gaya wa Gaskell, Gaskell ta buga da kalmomi masu zafi. Ba ta ambaci suna ba, amma ta kwatanta matar yadda kowa a Landan zai gane ta. Har yau masana ba su daidaita a kan abin da ya faru tsakanin mutanen nan biyu ba. Wasiyyar dai tana nan, babu irin wannan sharaɗi a cikinta, takarda ce kuwa da ana iya dubawa tun a lokacin. Shaidar Gaskell duka daga baki ɗaya ta fito, bakin mutumin da giya da ƙwaya suka riga suka ci, ko da yake ta iso ta bakin mutane masu gaskiya. Mutum uku da suka ji daga mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Matar, wadda ta riga ta sake aure ta zama matar Sir Edward Scott, ta sa lauya. Gaskell tana hutu a Roma, sai mijinta ya ɗauki nauyin al'amarin. Ran 30 ga Mayu 1857 aka buga janyewa da neman gafara a *The Times*, aka kwashe littattafan da ba a sayar ba. Magana zarar bunu ce, gama dubbai sun riga sun karanta.

Rigima ta biyu a kan makarantar Cowan Bridge ce, wadda Fasto William Carus Wilson ya kafa domin ƴaƴa mata na fastoci marasa ƙarfi. Charlotte ta shiga a 1824 tana da shekara takwas, yayyenta biyu, Maria da Elizabeth, suka kamu da tarin fuka, aka mayar da su gida suka rasu a 1825. Gaskell ta faɗi sunan makarantar da na mai ita, ta ce ita ce makarantar yunwa da ke cikin *Jane Eyre*. Iyalin Wilson suka tashi da ƙasidu da wasiƙun jarida. Amma a nan ƙafarta ta fi tsayawa, domin ta je wurin, ta kuma ji daga baki fiye da ɗaya. Tsofaffin ɗalibai suka rubuto, waɗansu suna kare makarantar, waɗansu suna tabbatar da zancen ƙazamin abinci. Nicholls kansa, wanda bai so littafin ba, ya shiga jaridar *Halifax Guardian* yana kare gaskiyar matarsa. A bugu na uku, wanda ya fito a wannan shekara, Gaskell ta sassauta harshe a kan Wilson, ta cire zancen Lydia Robinson, ta cire labaran nama da darduma da zarto. Bambancin ƙararrakin biyu a bayyane yake: inda ta tara shaidu masu zaman kansu ta yi gyara kaɗan, inda ta dogara ga baki ɗaya sai da ta janye gaba ɗaya.

Abin da ya sami wasiƙun

Takardun kansu ba su tsira daga mutane ba. Patrick, cikin kirkinsa, yakan yayyanka wasiƙar Charlotte ƙanana ya aika wa masu roƙon rubutun hannunta. Ellen ta rayu har 1897, a ƙarshen kwanakinta wasiƙunta suka faɗa hannun wani mai tara littattafai, Thomas J. Wise, wanda ya rarraba su ya sayar, aka kuwa tona asirinsa a 1934 cewa yana buga littattafan jabu. Sai da Margaret Smith ta bi su ɗakin karatu bayan ɗakin karatu, ta buga su cikin juzu'i uku tsakanin 1995 da 2004, kafin mai karatu ya iya gwada abin da Charlotte ta rubuta da abin da Gaskell ta zaɓa. Aka ga ta rage barkwanci, da tsokana, da zafin baki. A 1994 kuma Juliet Barker ta buga tarihin iyalin duka, bayan ta tona jaridun yankin da littattafan majami'a, ta mayar wa Patrick sunansa. Shekara 137 ke nan bayan an ɓata shi.

Hukunci

Littafin Gaskell ya cancanci darajarsa. Ta yi tafiya, ta rubuta wasiƙu ba iyaka, ta kama shaidu tun suna da rai, da ba don ita ba da yawancin abin da aka sani game da Charlotte ya tafi tare da su. Mary Taylor, wadda ba ta iya daɗin baki ba, ta rubuto cewa hoton gaskiya ne, sai dai bai kai ainihin rayuwar duhu ba. Rauninsa shi ne bai nuna wa mai karatu nauyin kowace shaida ba. Abin da Charlotte ta rubuta a ranar da abu ya faru, da abin da Ellen ta gani, da abin da korarriyar mai jinya ta faɗa wa wata, duka sun fito da murya ɗaya ta tabbaci.

Ikkilisiyoyin da suke so su rubuta tarihin fastocinsu na fari, da masu fassara, da masu tsara waƙoƙin sujada, da irin wannan kaya za su yi aiki: ƴan wasiƙu a cikin akwati, da tsofaffin da suke tunawa. Kowane mai irin wannan aiki yana ƙaunar wanda yake rubutawa a kansa, kamar yadda Gaskell ta ƙaunaci Charlotte, saboda haka jarabar da ta same ta za ta same shi. Kafin ya dogara ga wasiƙa, ya kamata ya san wa aka rubuta wa, wa ya ajiye ta, wace ce kuma aka ƙone. Kafin ya dogara ga mai ba da labari, ya tambaye shi ko gani ya yi ko ji, in ji ne daga wa. In ya ga abin da ya kamata a rufe, ya rufe ya wuce, kada ya cike wurin da sunan wani.

Patrick Brontë bai sa lauya ba. Ya rubuta wa Gaskell da ladabi, ya nuna wuraren da ba gaskiya ba ne, ya kuma yabi littafin, ya ce ya dace da abin da babbar mace za ta rubuta a kan wata babbar mace. Akwai kuma ƴan'uwa biyu, Nancy da Sarah Garrs, waɗanda suka yi aiki a gidansa suka yi renon yaran, littafin kuwa ya kira masu aikin gidan na lokacin almubazzarai. Ba su da lauya, ba su da jarida. A watan Agusta 1857 tsohon, yana da shekara 80, idonsa ya yi rauni, ya rubuta musu takarda da sa hannunsa, ya shaida cewa sun yi wa ƴaƴansa kirki, masu gaskiya ne, ba su kuwa yi almubazzaranci ba. Takardar ta tsira, masu tarihi na baya sun buga ta. Ya rasu a 1861.